'Yan Amshi da Makaɗan Manyan Mawaƙa: Waiwaye Daga Gombe

'Yan amshi su ne mutanen da ke tsayawa bayan mawaƙi suna karɓa masa waƙa, makaɗa kuma su ne masu riƙe masa kalangu ko kotso ko taushi. Tun kafin a san faifai da rediyo a ƙasar Hausa, babban mawaƙi ba ya fita shi kaɗai. Yana da jama'arsa da ake kira yaransa, ko da wani cikinsu ya girme shi, kuma da yawansu da ƙwarewarsu ake auna nauyinsa. Duk wanda ya ba shekara hamsin baya a garin Gombe ya ga wannan tsari da idonsa, a ƙofar gidan biki, a filin wasan Sallah, ko a ƙofar fada. Yau idan aka shiga ɗakin taron biki a garin, abin da aka fi gani shi ne mawaƙi guda riƙe da makirfo, ya miƙa wa DJ waya ko filashi, kiɗa da amshi duka suna fitowa daga lasifika. Sahun mutanen nan masu manyan riguna da ke bayan jagora ya ɓace, kuma ya ɓace ne a hankali, ta yadda da wuya a ce ga shekarar da aka daina ganinsa.

Gombe ba ta cikin tsoffin garuruwan Hausa, amma ta daɗe da zama mahaɗar masu sauraron waƙar Hausa. Masarautar ta samo asali ne daga Modibbo Buba Yero a zamanin jihadi, hedikwatarta ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada, sannan ta zauna a garin Gombe na yanzu a 1919. Auduga da gyaɗa suka jawo fatake da 'yan ƙwadago daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. An kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, kuɗi suka shiga hannun manoma da dillalai da masu motoci. Inda kuɗin kaka suka taru, nan maroƙi ke sauke kayansa. Baƙin da suka cika unguwanni irin su Jekadafari da Tudun Wada da Bolari sun zo da kunnensu na gida, Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Bafulatani da Batere da Babole da Batangale, waƙoƙin da Rediyon Kaduna ke sawa kuma suka zama na kowa. Da haka muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa suka zama 'yan gida a teburin mai shayi da rumfar tela da tashar mota, tare da muryoyin mutanen da ke bayansu, waɗanda mai sauraro ya haddace amonsu bai san sunan ko ɗaya ba.

Ƙungiyar babban mawaƙi tana da tsari irin na gidan sarauta. Jagora ke kan gaba, shi ke da waƙa, shi ke da suna, shi ake gayyata. A ƙungiyoyin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara akwai Daudun Kiɗi, mataimakin jagora, wanda ke riƙe ƙungiya idan maigida ba ya nan, kuma sau da yawa shi ke gadonsa. Sai makaɗa, sai 'yan amshi, ko da yake a kiɗan kotso mutum ɗaya ne ke yin aikin biyu, hannu na kiɗa baki na karɓi. Akwai maroƙi ko sanƙira, mai shiga tsakanin baitoci da kirari, yana faɗin asalin wanda ake wasawa, yana shelar kyautar da aka yi da sunan wanda ya yi ta. A can ƙasa kuma akwai yara masu ɗaukar kaya da tsince kuɗin liƙi, daga baya aka sami direba da mai kula da lasifika. Kowa ya san wurin tsayuwarsa, kowa ya san wanda zai gaisar da durƙuso.

Amshin kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne gwanintar mutanen baya ta fi fitowa. A salon Shata, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, jimla ɗaya ko biyu da ba ta canzawa, suna maido ta duk lokacin da ya kai gaɓa. Mai ji daga nesa zai ɗauka aiki ne mai sauƙi. Shata kuwa ya yi suna da ƙirƙirar waƙa nan take, ba tare da an zauna an bita ba, saboda haka sau da yawa 'yan amshinsa a gaban jama'a suke fara jin gindin da za su riƙe. Dole su cafke shi a karo na farko, su daidaita muryoyinsu, su kuma gane daga saukar muryarsa ko kallon da ya yi musu cewa ɗan waƙar, wato baitin, ya ƙare, lokacin shigarsu ya yi. Wani ɗan gajere ne, wani ya yi tsawo har numfashi ya kusa ƙarewa. In suka yi gaggawa sun take masa magana, in suka yi jinkiri waƙa ta yi rami. 'Yan daƙiƙoƙin da suke amshi su ne hutun jagora, a cikinsu yake shan iska, yake duban fili, yake shirya abin da zai faɗa a gaba.

A salon makaɗan fada kuwa, irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, aikin ya wuce maimaitawa. Jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu layukan masu tsawo kafin a koma gindi. Wannan ba ya yiwuwa sai da zama. Akan taru a zauren maigida a yi ta tisawa har waƙa ta zauna a bakin kowa, kuma a irin wannan zama wani kan kawo kalma, wani ya gyara karin da bai hau kiɗa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi wa waɗannan dabaru na karɓi da ƙari bayani a littattafansa na nazarin waƙar baka. Abin da bincike irin nasa ke nunawa shi ne waƙar da ake jinginawa ga mutum ɗaya aikin bakuna da yawa ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar a nan.

Makaɗin kalangu shi ma yana da nasa ilimin da ba a rubuce yake ba. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, kafin ya zama abin kiɗan 'yan mata da 'yan dambe da mawaƙan jama'a. Kango ne na itace mai siririn tsakiya, an rufe bakunansa biyu da fata, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi zai rataya shi a kafaɗa ya sa a hammata, ya matse tsarkiyar murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har kalangun ya riƙa bin hawa da saukar maganar Hausa yana faɗin take. Kusa da babban kalangu akwai ɗan karɓi, akwai kuma kuntuku mai riƙe ƙafar kiɗa ba ya gocewa. Da damina fata kan yi sanyi ta saki, sai a ga makaɗi kafin a fara wasa ya tsuguna kusa da wutar mai tsire yana juya bakin kalangun, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne, har sai ya ji amon da yake nema. Da hunturu kuma tsoronsa kada fatar ta bushe ta tsage ana tsakiyar waƙa, don haka ba a rasa na ajiya a cikin kaya. Fili an yayyafa masa ruwa don ƙura, fitilar gas tana huci a kan tebur, ƙamshin turare ya gauraya da hayaƙin nama, sai a ji kalangai sun buɗe da taken maigida kafin shi ya ce uffan. Mutanen unguwa daga cikin gidajensu sukan gane wanda ya zo tun daga wannan buɗewa.

Bayan jagora nan ne makarantar waƙa, babu wata. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara, yana amshin waƙoƙin noma da na sarauta a ƙasar Maradun. Bayan zamanin mahaifin, ya yi zaman mataimaki a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna, sai daga baya ya tsaya da ƙafarsa, shi ma 'ya'yansa suka tsaya a bayansa. Sa'idu Faru ma a gidan kiɗa ya tashi. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya koma kan ƙaramar ganga, a bar shi ya sa baki a amshi, shekaru su yi ta tafiya kafin a yarda ya ja baiti ko ɗaya a gaban mutane. A tsawon wannan lokaci ba murya kaɗai yake koya ba. Yana koyon salsalar gidajen sarauta, wane ya haifi wane, wace sarauta ke gaba da wace, wane kirari ne na basarake wane ne na attajiri, yaushe zambo ke da daɗi yaushe yake jawo kora daga gari. Tsofaffin 'yan amshi su ne ma'ajiyar ƙungiya. Waƙar da aka yi wa wani hakimi shekara ashirin da suka wuce, in aka sake sauka garinsa, a bakinsu ake tono ta, wani lokaci su ne ke tuna wa jagora sunayen da ya manta.

Sai dai wanda ya ce zamanin nan na baya daɗi ne zalla bai tambayi mutanen da suka yi shi ba. Babu albashi, babu takarda, sai rabo. Bayan an tashi daga wasa, sau da yawa gab da asuba, akan shimfiɗa tabarma a masauki a zazzage buhun liƙi, yara su zauna suna warware takardun kuɗi da suka cukurkuɗe da gumi da ƙura, ana jera su kashi-kashi. Maigida ke ɗaukar kaso mafi tsoka, sauran a raba bisa girma da daɗewa, kuma ba a musu da abin da ya yanke. Doki ko mota ko kujerar Makka da aka yi kyauta, nasa ne, sai in ya ga dama ya juya wa wani. Jagora mai kirki yakan ciyar da yaransa, ya yi musu aure, ya ɗinka musu rigunan Sallah, ya kai wasu aikin Hajji, kuma an yi irin waɗannan da yawa. Amma duk wannan alheri ne, ba haƙƙi ba. Ranar da aka ɓata, mutum zai fita da rigar jikinsa bayan ya ba da ƙuruciyarsa. Ga yawon da ba ya ƙarewa, watanni ana kan hanya iyali na gida, ga kallon da jama'a ke yi wa sana'ar roƙo, wanda ya sa gidaje da yawa ba sa ba makaɗi 'yarsu. Jagora yana iya tsallake wannan kallo da ɗaukakarsa. Shata ya sami lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mai kuntukun da ke bayansa bai tsallake komai ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne batun suna. Faifan garmaho da kaset ɗin da suka cika shagunan Babbar Kasuwar Gombe galibi hoton jagora da sunansa kaɗai suke ɗauke da su. Mai gabatar da shiri a rediyo shi ma sunan jagora yake faɗi. Hanyar da ɗan amshi ko makaɗi ke shiga tarihi ita ce maigida ya ambace shi a cikin waƙa, ya kira shi ya ce ya gyara kiɗa ko ya yi masa ba'a, sai sunan ya maƙale a kaset. A Legas abin ya ɗan bambanta. Tony Allen, mai gangunan Fela Kuti a ƙungiyar Africa 70, an rubuta sunansa a bayan fayafai, duniya ta san shi, da suka rabu a ƙarshen shekarun 1970 kan batun kuɗi da haƙƙi ya ci gaba da fitar da nasa ayyukan har ya rasu a birnin Paris a 2020. Ko shi da aka rubuta sunansa ya yi kukan an tauye shi, balle wanda ba a rubuta ba. Marubutan tarihin Shata, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, sun bi mutanen da suka zauna da shi sun ji daga bakinsu, kuma irin wannan aiki ne kaɗai ke ceto sunayen mutanen baya. Mawaƙa kaɗan ne suka sami wannan gata.

Mata ma suna da nasu tsarin. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ayarin mata take fita, suna kiɗan ƙwarya suna yi mata amshin amada, kuma a cikin gidajen biki na Gombe an yi ƙananan ƙungiyoyi irin wannan da ba su taɓa shiga rediyo ba. Ɗan Maraya Jos ne fitaccen da ya kauce wa tsarin gaba ɗaya, daga shi sai kuntiginsa, tsirkiyar ke yi masa amshi.

Abubuwa da dama ne suka taru suka rushe sahun. Kaset ya fara rage buƙatar gayyato ƙungiya, tunda rikoda ɗaya tana iya raya zaman ajo. Wa'azi ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa a Gombe suka maye gurbin kiɗan biki da walima, wasu makaɗa da kansu suka ajiye kalangu suka kama kasuwanci. Manyan jagorori suka yi ta rasuwa, irin su Shata a 1999, kuma ƙungiyar da aka gina kan sunan mutum ɗaya ba ta cika daɗewa bayansa ba. Sannan fiyano ta shigo tare da finafinan Hausa na Kano a shekarun 1990. Na'ura ɗaya ta ɗauke aikin makaɗa biyar, kwamfuta ta ba mawaƙi damar ɗora muryarsa a kan muryarsa ya yi wa kansa amshi. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, garin ya faɗaɗa, biki ya tashi daga ƙofar gida ya koma ɗakin taro da ake haya da awa, inda babu lokacin waƙar da za ta ci rabin sa'a. Rikicin 'yan daban da ake kira 'yan Kalare da hare-haren bam na 2014 da 2015, ciki har da na Tashar Dukku da na Babbar Kasuwa, suka sa taron dare a fili ya zama abin da iyaye ke gudu da hukuma ke taƙaitawa.

Ribar sabon tsari a fili take, kuma ba ƙarama ba ce. Matashin da Allah ya ba murya a Pantami ko Herwagana ba sai ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaukar wa wani kaya ba, ba sai an haife shi a gidan kiɗa ba. Zai tara kuɗin situdiyo, a buga masa kiɗa, waƙarsa ta shiga wayoyi ta hannun masu tura waƙa a bakin kasuwa, ko ta hau YouTube da TikTok ta kai Yamai da Kumasi a kwana ɗaya. Mai buga fiyano yana yanka kuɗin aikinsa kafin ya fara, ba ya jiran rabo. Mata masu amshi a situdiyo sun sami abin da iyayensu a sana'ar ba su samu ba, domin irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba da muryoyinsu aka san su, da sunayensu ake neman su. Ƙyamar da ake yi wa mawaƙi ta ragu ƙwarai, har ana ba wasu sarauta.

Asarar kuma ba a kayan kiɗa kaɗai take ba. Waƙar da aka naɗa ba ta ganin fili. A da, in babban baƙo ya shigo ana tsakiyar wasa, jagora zai juya akalar waƙa nan take, makaɗa su bi shi, 'yan amshi su riƙe masa gindi har ya gama da baƙon ya dawo. Mawaƙin da ke bin kiɗan filashi ba shi da wannan dama, iyakarsa ya sa a rage sauti ya yi magana a kai. An kuma rasa masu gyara. Ɗan amshin da ya shekara talatin a sana'a yana iya gaya wa maigidansa a keɓe cewa kalmar nan ba ta zauna ba, ko kirarin nan ba na gidan nan ba ne. Yaron situdiyo da aka biya kuɗin awa biyu ba ruwansa. Shi ya sa ake jin waƙoƙin sarauta da na siyasa masu daɗin kiɗa amma Hausarsu ba ta da zurfi, kirarin da aka yi wa wane shi za a juya wa wane. Sana'o'in da ke rataye da ƙungiya su ma sun ja baya, masu sassaƙa kango da masu ɗaurin fata sun ragu, yaran gidajen kiɗa da yawa sun koma acaba da Keke Napep.

Duk da haka amshi bai mutu a Gombe ba, wurin zama ya canza. A fadar Sarkin Gombe, ranar Juma'a da lokacin hawan Sallah, masu kakaki da algaita da ganguna suna nan a sahunsu, kowa da gadonsa. A filin dambe kalangu bai ba fiyano wuri ba, don ɗan dambe ba ya tsuma da kiɗan na'ura. Mafarauta da 'yan tauri suna da makaɗansu. Wurin da tsohon tsarin ya fi rayuwa shi ne majalisin masu bege a watan Maulidi, inda sha'iri ke jan baiti, sahun matasa a bayansa suna amsawa da baki ɗaya, wasu da mandiri, kuma a nan ma yaro daga amshi yake farawa kafin a miƙa masa makirfo. Wasu mawaƙan zamani su ma sun fara komowa ga makaɗan gargajiya idan taron na sarauta ne, domin sun lura basarake ba ya jin an wasa shi sai ya ga kalangu ko kotso a gabansa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya yi wasa ko ya sa murya a cikin aikin da aka naɗa, ba ga mai waƙar kaɗai ba. Sai dai haƙƙi ba ya isa ga mutumin da ba a rubuta sunansa ba. A tsoffin kaset wannan dama ta kusa wucewa, sai abin da za a iya ji daga bakin tsofaffin makaɗa da iyalansu da ke raye, waɗanda za su saurari waƙa su ce muryar wane ce wannan, hannun wane ne a kan kalangun nan. A sababbin ayyuka kuwa abin yana hannun masu situdiyo da mawaƙan da ke ɗora waƙa a intanet. Wasu sun fara rubuta sunan wanda ya buga kiɗa da wadda ta yi amshi a ƙarƙashin bidiyo, da yawa har yanzu sunan mawaƙi da lambar wayarsa kawai suke sawa.